Allurar Humira da diclofenac ɗin da na riƙa sha ban faɗa ba

Hunturun da ya wuce ne abin ya faru. Shekara biyu kenan ina fama da amosanin gaɓɓai, irin wanda garkuwar jikinka ce da kanta take cin gaɓoɓin, da asuba yatsuna sanƙarewa suke ko butar alwala bana iya riƙewa. Maganin amosanin da ake kira methotrexate bai wadatar ba sai likita ya ƙara mani adalimumab, wato Humira, miligiram 40 duk sati biyu a fatar ciki ko cinya, aikinta ta kama wani sinadari TNF mai hura kumburi. Kafin a fara sai da akai mani hoton ƙirji da gwajin tarin fuka da na ciwon hanta, don tana rage garkuwa.

Da sanyi ya kankama ciwo ya taso, sai na aiki yaro kemis nan Ƙofar Ƙaura ya sawo diclofenac, in bai ji ba in ɗora ibuprofen, wani lokacin ko kalaci ban yi ba. Ina ganin ai maganin ciwon jiki ne kowa na sha, mi zan gaya ma likita.

Kusan sati biyu ina tari ga kasala ga ƙirji na ƙuna, amma duk sanda ɗiyata ta taɓa goshina sai ta ji lau. Ita ta matsa wlh, "Mama yau ko ba ki so sai mun je." Ashe nimoniya ce, wato ciwon huhu, gwajin ƙoda ma ya ɗan hau.

Likita yace, "Hajiya, ana haɗa Humira da irin waɗannan, ba ita suke faɗa da ita ba. Amma sun ɓoye maki zazzaɓi, kuma mai wannan allura zazzaɓi ne ke fara gaya mana akwai cuta." Yace ga methotrexate ta ƙoda yake fita, su kuma suna takura ƙoda, balle guda biyu tare, ga gyambon ciki.

An dakatar da allurar sai da na warke. Yanzu paracetamol nake fara sha, shima sai na auna zafin jikina tukuna, in ya kai 38 waya nake ma likita, ba magani ba. In ciwo ya ƙi, kala ɗaya da likita ya rubuta, bayan abinci, tare da omeprazole mai kare ciki daga gyambo, kwana kaɗan. Ranar ganin likita kuma duk abin da nake sha nake zubawa a leda in tafi da shi, har jiƙon da yayata ke aiko mani daga Daura.