Saƙon Godiya ga Magajin Garinmu Bayan Ambaliyar Daminar 2024

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Ina rubuta wannan saƙo ne da yawun kwamitin unguwarmu, wanda nake riƙe wa alƙalami, bayan saukar Alƙur'ani da sadakar da muka yi ranar Juma'ar da ta gabata, wato ranar da iyali na ƙarshe cikin waɗanda ruwa ya raba da muhallinsu suka koma kwana a ƙarƙashin rufin kansu. Dattawa ne suka umarce ni da in fito fili in yi godiya, domin yaba kyauta tukuici, kuma alherin da aka yi mana a bainar jama'a bai kamata godiyarsa ta tsaya a cikin zaure ba. Godiya ta farko ta Allah ce, wanda ya jarrabe mu kuma ya bar mu da rai. Bayan haka sai mai girma Magajin Garinmu, wanda ba zan ambaci sunansa ba saboda shi da kansa ya roƙi kada a yi haka.

Wanda bai san yankinmu ba zai so ya san cewa ƙaramar hukumarmu tana bakin Gulbin Maraɗi ne, gulbin da ke tasowa daga ƙasar Katsina, ya bi ta madatsar ruwa ta Jibiya, ya shigo Nijar ya ratsa ƙasar Madarunfa da Maraɗi da Tibiri da Gidan Rumji, sannan ya sake komawa Najeriya. Da rani yashi ne kawai yara ke wasa a kai, amma da damina shi ne abincinmu, kuma shi ne abin tsoronmu. Kakanninmu sun sha ba mu labarin ambaliyar 1945, wadda ta cinye tsohon garin Maraɗi da ke cikin fadama har aka mayar da gari kan tudu. Mun taso muna jin labarin kamar tatsuniya, sai da daminar 2024 ta zo muka ga irinsa da idonmu. Alƙaluman hukuma sun nuna cewa a faɗin Nijar kusan mutum 400 ne suka rasu a wannan damina, fiye da miliyan ɗaya da rabi kuma abin ya shafa, jihar Maraɗi tana cikin waɗanda suka fi jin jiki. A Damagaram ma tsohon masallacin Birni, wanda ya haura shekara 150 a tsaye, ya faɗi ranar 3 ga Satumba.

Mu namu ya same mu ne a ƙarshen watan Agusta, bayan ƙasa ta riga ta ƙoshi da ruwa, katangun laka kuma sun jiƙe har sun fara tsagewa daga gindi. Da ruwan ya ɓalle ba a ɗauki lokaci ba lungunanmu suka zama kogi. Na fito da mahaifiyata goye a baya, ita da ta haura shekara tamanin, ruwa yana kai mini ƙugu, ina jin ƙarar faɗuwar ɗakuna a hagu da dama ba tare da na san na wane ne ba. A bakin hanya na tarar da amalanken wani maƙwabci na ɗora ta, kuma a nan ne na fara ganin Magajin Gari a wannan dare, tsaye cikin ruwa da fitilar hannu, ya naɗe wandonsa zuwa gwiwa, yana nuna wa masu amalanke hanyar makarantar firamare da ke kan tudu. Ya riga ya aika an taso mai gadi an buɗe azuzuwa, bai jira gari ya waye ya nemi izinin kowa ba. Da ya ga tsohuwa tana rawar ɗari sai ya cire rawaninsa ya miƙo mini ya ce, “Rufa wa Inna wannan, ka wuce da ita aji na farko, can akwai tabarma.”

Ya kamata in faɗi gaskiya game da yadda muke kallonsa kafin wannan dare. Tun zaɓen ƙananan hukumomi na 2004 mun saba da cewa mu ke zaɓen kansiloli, su kuma su fitar da magajin gari daga cikinsu, kuma haka aka yi a 2011 da kuma Disamban 2020. A watan Afrilun 2024 aka rushe majalisun, aka naɗa masu riƙo a madadinsu. Saboda haka wanda ke kan kujerar ba mu muka zaɓe shi ba, a takarda ma sunan muƙaminsa daban ne, ko da yake bakinmu bai saba da wani suna ba sai magajin gari. Da yawa daga cikinmu mun ɗauka baƙo ne da zai zauna a ofis ya sa hannu a takardu har ranar da za a sauya shi. Ni kaina ina cikin masu wannan zato, kuma ina neman afuwarsa a kai.

Abin da ya fi tsaya mini a rai cikin duk abin da ya yi shi ne yadda ya tafiyar da rubuta sunayen waɗanda abin ya shafa. Duk wanda ya taɓa ganin rabon agaji a ƙasarmu ya san cewa a nan ne amana ke karyewa, domin takardar sunaye ita ce ke raba mai samu da marar samu, kuma sau da yawa ana rubuta ta ne a ɗaki, a sa ɗan'uwa da suruki, a manta da gwauruwar da ba ta da mai yi mata magana. Magajin Gari ya ƙi yarda a rubuta suna ko ɗaya daga nesa. Ya haɗa ayari da mai unguwa da limami da wakiliyar mata da matashi ɗaya da ma'aikacinsa, suka bi gida gida cikin taɓo har kwana uku, suna rubuta ɗakin da ya faɗi, da rumbun da ya rushe, da dabbar da ruwa ya tafi da ita, da yawan bakin da ke ci a gidan. Da aka gama sai ya tara mu a filin makaranta bayan sallar La'asar, ya sa aka karanta takardar da babbar murya, suna bayan suna, ya ce duk wanda ya ji kuskure ya ɗaga hannu. An ɗaga hannu kuwa. An samu sunayen da gidajensu ba su ko tsage ba, aka soke su a gaban kowa ba tare da an ci mutuncin mai su ba, an kuma samu wata dattijuwa mai sayar da ƙuli-ƙuli da aka tsallake saboda ranar da ayari ya zo tana asibiti wajen jinyar jikarta. Da hannunsa ya rubuta sunanta a ƙasan takardar, sannan ya sa aka manna ta a ƙofar ma'aikatarsa. Da hatsi da barguna da gidajen sauro suka iso daga gwamnati da ƙungiyoyin agaji, da wannan takarda aka yi rabo, tiya da tiya, kuma ban ji an yi zagi ko an ɗaga sanda ba. Abin da aka samu bai ishi kowa ba, amma kowa ya ga inda kowace tiya ta shiga, shi ya sa zukata suka kwanta.

Abu na biyu shi ne maganar takardu, wadda mai kallo daga nesa ba zai ɗauke ta da girma ba. Kwana biyu bayan ruwa ya janye na tono adakar ƙarfen da nake ajiya a ciki, na tarar takardun haihuwar 'ya'yana da na aurena sun manne da juna sun koma kamar kunu, in ka taɓa sai su narke a yatsa. Haka abin yake a gidaje da yawa, alhali yaro ba ya zama jarrabawar BEPC ta kammala ƙaramar sakandare sai da takardar haihuwa, babba kuma ba ya samun katin ɗan ƙasa sai da ita. A dokar ƙasarmu magajin gari shi ne jami'in rajistar haihuwa da aure da mutuwa, kuma ya ɗauki wannan nauyi da gaske. Maimakon ya ce mu yi ta zarya zuwa ofis, sai ya sa aka ɗauko manyan littattafan rajista aka kawo makarantar da muke zaune, aka ajiye tebur a gindin bedi, ma'aikata suna duba shekara da suna suna sake fitar wa mutane takardunsu. Jariran da aka haifa a azuzuwan nan kuwa ya matsa sai da aka rubuta su kafin cikar kwana 60 da doka ta ɗiba, domin kada iyayensu su koma neman hukuncin alƙali daga baya. Waɗanda ba a taɓa yi wa rajista ba tun farko ya tattara sunayensu ya miƙa wa kotu.

Ta fannin lafiya, ba mu manta da annobar amai da gudawa ta 2021 ba, wadda ta yi ɓarna a jiharmu, saboda haka tsoro ya kama mu da muka ga shaddodi sun cika sun haɗe da ruwan rijiyoyi. Ya sa an rufe rijiyoyin da ruwa ya shiga har sai da aka zuba musu magani, aka gina makewayi na wucin gadi, ma'aikatan asibiti kuma suka riƙa zagayowa saboda zazzaɓin cizon sauro da ya addabi yara. Cikin ikon Allah annoba ba ta ɓulla a tsakaninmu ba.

Da gwamnati ta ɗage komawa makaranta daga 2 ga Oktoba zuwa 28 ga wata, saboda azuzuwa da dama sun rushe wasu kuma mutane na zaune a ciki, mun san cewa zamanmu ya kusa ƙarewa, kuma mun ji tsoron a wayi gari a ce mu kwashe kayanmu. Bai yi mana haka ba. Ya zo da kansa ya zauna a tabarma ya ce, “Iyayena da 'yan'uwana, azuzuwan nan na 'ya'yanku ne, ku taimake ni mu mayar musu a kan lokaci, ni kuma ba zan bar kowa a titi ba.” Ya nemi fili a kan tudu wajen mai martaba sarki, aka kafa tantuna, aka jawo ruwa, kuma ranar da aka buɗe makaranta yaranmu sun tarar da azuzuwa a share.

Akwai wurin da muka saɓa da shi, kuma ba zan ɓoye ba. Ya hana a sake gini a kan tsohuwar hanyar ruwa da ta ratsa gabashin unguwa, ɗakin mahaifina kuma yana cikin waɗanda hanin ya shafa. Na je ofishinsa raina a ɓace, na ce masa, “Ranka ya daɗe, a ɗakin nan aka yanke mini cibiya.” Bai ɗaga murya ba. Ya ce in raka shi, muka taka har wurin, ya nuna mini alamar da ruwa ya bari a jikin kukar da ke tsaye a nan, wadda ta wuce kafaɗata, ya tambaye ni ko zan iya kwantar da Inna a wannan wuri in yi barci idan hadari ya haɗu. Na kasa ba shi amsa. Har yau in na bi ta kangon, zuciyata tana sosuwa, amma na yarda gaskiya ya faɗa, kuma na san hana mutum abin da yake so ya fi raba masa buhu wuya ga shugaba.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, don haka godiyarmu ta haɗa da mai martaba sarki da mai unguwa da limamanmu, da 'yan kwana-kwana da jami'an tsaro, da masu amalanke waɗanda ba su karɓi ko dala ba a wannan dare, da matasan da suka cika buhunan yashi har hannuwansu suka yi kanta. Muna gode wa iyayenmu mata na unguwannin tudu, waɗanda suka yi ta aiko da tuwo da fura tun kafin agajin hukuma ya iso, da 'ya'yanmu da ke neman abinci a Yamai da Agadas da Kano da Legas waɗanda suka haɗa kuɗi suka turo. Saukar da farashin siminti da gwamnati ta yi a watan Oktoba ita ma ta taimaka wa masu hali suka ɗora harsashi mai ƙarfi, ko da yake yawancinmu da tubalin laka muka sake tayar da ɗakunanmu.

Ranka ya daɗe, tare da wannan godiya muna da roƙo guda biyu, kuma mun san kuɗin shigar ƙaramar hukuma, daga harajin kasuwa da na tasha, ba su da yawa. Na farko, kwalbatin da ke kan babbar hanya ya yi wa ruwan unguwa kaɗan, kuma har yanzu rabinsa cike yake da yashi da leda. Matasanmu sun yi alkawarin fitowa aikin gayya duk ranar da ka sa, idan za a ba su shebur da baro, amma faɗaɗa shi sai da hannun hukuma, kuma muna fatan a yi kafin ruwan farko ya sauka. Na biyu, iyalan da aka mayar kan tudu har yanzu ba su da takardar fili a hannu, muna roƙon a kammala musu ita tun kana kan kujera, domin kada wani ya zo gobe ya ce bai san da maganar ba.

Muna miƙa ta'aziyya ga iyalan da suka rasa nasu a unguwarmu da sauran sassan ƙasa. Allah ya jiƙansu, ya karɓi shahadarsu, ya mayar wa kowa da mafificin abin da ya rasa. Kai kuma Allah ya saka maka da alheri, ya jiƙan magabatanka, ya raba ka da sharrin kujera. Rawanin da ka rufa wa Inna yana nan ta wanke ta ninke, ta ce ba za ta ba ni in kai maka ba, sai ka zo da ƙafarka ka karɓa ta sa maka albarka.

Wassalamu alaikum.

Magatakardan kwamitin unguwa, a madadin dattawa da mata da matasa.