Maganaɗisu da bututun kabon

Jama'a, yau a ɗakin gwaji na ga abin mamaki. Bututun kabon ɗin nan, wato 'yan mitsi-mitsin bututu na sinadarin da ke cikin gawayi, da Sumio Iijima na Japan ya bayyana a 1991, kaurin wasunsu bai wuce nanomita ɗaya ko biyu ba (nanomita kashi ɗaya ne cikin biliyan na mita), silin gashi ya ninka su sau dubbai. To da wane hannu za ka kama shi? Dabarar ita ce ɗan ƙwayar ƙarfe ko nikel da ke maƙale a bakinsa. A kunna maganaɗisu, ya ja ƙwayar, bututun ya lanƙwasa, a auna lanƙwasawar a na'urar hangen ƙananan abubuwa, a lissafa taurinsa. Wallahi ya fi ƙarfe tauri kusan sau biyar! Lissafin ne dai ya fi ba ni wuya.