Wasiƙa daga Landan: me ya sa kaji ke faɗuwa, agwagi na tsaye

Assalamu alaikum iyayena da 'yan'uwana na ƙauyukan Haɗejiya. Ina fatan an kai amfanin gona gida lafiya.

Har yau ban manta da shekarar 2006 ba, lokacin da murar tsuntsaye ta shigo Najeriya. Kajin Gwaggo, da safe a tarar da biyu a akurki, da yamma uku, har suka ƙare kaf. Agwaginta kuwa na ta wanka a kududdufi, ko ɗaya bai kwanta ba. Gwaggo ta ce baki ne. Sai da karatu ya kawo ni nan na ji bayanin da ya zauna mini.

Murar tsuntsaye, kamar ƙyanda da zazzaɓin Lassa, ƙwayar bairos ce da ke ɗauke da saƙonta a wani siririn zare mai suna RNA. Jikinmu ma na da nasa RNA, sai dai na baƙo yana da shaida: wani lokaci zaren kan zo biyu a murɗe, ko da wata alama a bakinsa. A cikin ƙwayoyin halittar jiki akwai masu gadi da ke shinshino wannan shaida. Ɗaya shi ne RIG-I, wanda masana a Japan suka gano aikinsa a 2004. Da ya cafke baƙon RNA, sai ƙwayar halittar jikin ta saki wani sinadari mai suna intaferon.

Intaferon ba ya kashe cuta da kansa. Kururuwa ce. Ƙwayoyin halitta maƙwabta su ji, kowa ya ja ƙofarsa: su rage ƙera furotin, su daddatse RNA ɗin da ke cikinsu, har da nasu, don kada baƙo ya sami wurin hayayyafa. Zazzaɓi da ciwon jiki na farkon mura ma da hannunsa a ciki. A nan Landan Alick Isaacs da Jean Lindenmann suka gano shi a 1957, kuma da tantanin ƙwan kaza suka yi gwajin.

A 2010 masu bincike a Jami'ar Alberta ta Kanada suka nuna cewa agwagwa na da RIG-I, kaza kuwa ba ta da shi. Wannan na cikin dalilan da galibi agwagwa ke jure murar, kaza ta faɗi.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami ke nan. Agwagwar da ta jure tana iya ɗauke da cutar, tana zubar da ita a kashinta, cikin ruwan da kaji ke sha. Ga kuma agwagin daji da ke sauka fadamar Haɗejiya da Nguru duk hunturu.

Don Allah a raba wa kaji da agwagi makwanci da kaskon ruwa. Wadda aka sayo a kasuwa a keɓe ta tukuna. Kazar da ta fara layi kada a yi saurin sa mata wuƙa a kai tukunya, a kira malamin dabbobi.

A gaishe mini da Gwaggo, a ce mata ina tafe bayan sallah in Allah Ya yarda.

Ɗanku, daga Ingila.