Tarar Toskana ta iske mu har gida

A filin jirgin sama na Fiumicino, a wajen birnin Rum, muka karɓi motar haya. Ƙarama ce, fara, mai giyar hannu, domin a Italiya hayar mota mai canja giya da kanta ta fi tsada. Ma'aikacin kamfanin ya duba fasfo da lasisina da lasisin tuƙi na ƙasa da ƙasa, ya riƙe kuɗin ajiya a katin banki, sannan ya turo mini takardar yarjejeniya mai ƙananan rubutu ya nuna inda zan sa hannu. Uwargida ta karɓi kwafinmu ta ninke ta jefa a jaka. Ɗabi'arta ce: ko rasit ɗin shan shayi ba ta yarwa sai an dawo gida.

Muka hau babbar hanyar A1 muka yi arewa. Ita ce suke kira Autostrada del Sole, hanyar da ta haɗa Milan da Napoli tun 1964, kuma tsakanin Rum da Firenze, babban birnin yankin Toskana, akwai kimanin kilomita 270. Hanyar kuɗi ce. Kana shiga ka zari tikiti, inda za ka fita nan za ka biya. Ƙofofin fita launi-launi ne, masu ruwan ɗorawa na masu na'urar Telepass ne kaɗai, wadda ke biyan kuɗin hanya ba sai an tsaya ba, baƙo ba shi da hurumi a wurin. Iyakar gudu kilomita 130 ne a awa, amma abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne allunan da ke sanar da tsarin da ake kira Tutor. Wannan ba ya kama ka a wuri ɗaya. Kyamara tana karanta lambar motarka a nan, wata ta sake karantawa can gaba, sai kwamfuta ta raba nisan da lokacin da ka ɗauka. Mai taka birki a gaban kyamara ya sake taka totur bayan ya wuce wahalar banza yake yi. Daga hagu garin Orvieto ya bayyana a kan wani falalen dutse mai tsayi, kamar an ɗora shi da hannu, muka wuce ba mu tsaya ba.

Duk tsawon hanyar ba wanda ya ɗaga mana hannu. Wannan shi ne abin da ke yaudarar baƙo. Ba a tsayar da kai, ba a yi maka faɗa, ba ka ga fuskar kowa, sai ka ɗauka lafiya kake tafiya.

A Firenze muka fara haɗuwa da haruffan nan uku, ZTL. Yanki ne na tsakiyar gari da aka hana motoci shiga a wasu sa'o'i sai masu izini: mazauna unguwar, motocin haya na tasi, bas-bas, masu kai kaya. Alamar ba ta da hayaniya ko kaɗan. Farin da'ira ne mai jan baki, babu komai a cikinsa, ƙarƙashinsa an jera sa'o'i da keɓe-keɓe da harshen Italiyanci, sama da shi kuma kyamara. Babu shinge, babu sanda. A Firenze sun taimaka da fitila a bakin kowace mashiga, ja na nufin hani yana aiki, kore na nufin hanya a buɗe take. Taswirar waya kuwa ba ruwanta, ita dai ta kai ka ta hanya mafi kusa. Uwargida ce ke riƙe da wayar, ta ce, "Maigida, wannan matar ta cikin waya cewa take mu miƙe, amma ga jar wuta." Muka karya kwana muka nemi garejin ajiye motoci a wajen yankin, muka shiga gari da ƙafa.

Sai da na taka cikin garin na daina jin haushin dokar. Lungunan an yi su ne tun kafin a san mota, wasu da ƙyar mutum biyu da keke za su gifta juna. Ƙubbar babban cocin da magini Brunelleschi ya kammala a 1436 tana leƙo ka ta kowace kwana, kuma tun 1982 tsakiyar birnin ke cikin jerin wuraren tarihi na UNESCO. Da a ce kowane baƙo zai tura motarsa cikin wannan wuri, da ba mai iya tsayawa ya ɗaga kai ya kalli komai. Ina goyon bayan hanin ɗari bisa ɗari. Abin da ban goyi baya ba shi ne a rubuta sa'o'in da ƙananan baƙaƙe, a ce direban da ke tafe da motoci a bayansa suna matsa masa ya karanta ya gane cikin ƙiftawar ido.

Pisa da Siyena mun yi musu yadda muka yi wa Firenze, mota a waje, mu a ƙafa. Hasumiyar Pisa ta karkace kamar yadda ake faɗa, kuma taron masu ɗaukar hoto suna tokare ta da tafin hannu ya fi hasumiyar ba ni dariya. A wurin ajiye mota launin layin da ke ƙasa shi ne doka: shuɗi na kuɗi ne, fari galibi kyauta, ruwan ɗorawa na wasu ne ba kai ba.

Inda zancen ya samo asali shi ne wani ƙaramin gari a kan tudu, mai ganuwa da ƙofa ta dutse, inda muka kama masauki a cikin tsohon gari. Kafin mu iso na kira su, matar da ke kan teburin karɓar baƙi ta ce mu shigo da motar har ƙofa mu sauke kaya, za su tura lambarmu ga hukumar gari. Haka tsarin yake a garuruwa da yawa: masaukin da ke cikin ZTL yana da damar shigar da lambar motar baƙonsa cikin jerin masu izini, kyamara ta ɗauke ka amma ba a rubuta maka tara. Muka shiga ta ƙarƙashin kyamarar ido na ganin ido. Na rubuta lambar a takarda na miƙa mata, ta ce an gama. Uwargida ta ce, "Ranki ya daɗe, don Allah ki rubuta mana lambar a jikin rasit ɗinmu." Matar ta yi murmushi ta rubuta, ta sa kwanan wata.

Muka ƙarasa yawonmu cikin gonakin inabi da zaitun, muka mayar da mota Fiumicino. Yaron da ya karɓa ya zagaya ta, ya duba mai, ya ce komai daidai. Aka sako kuɗin ajiya.

Watanni sun shuɗe, har hotunan tafiyar sun nutse a ƙasan waya, sai saƙon banki ya shigo: kamfanin haya ya cire yuro 45. Bayan 'yan makonni ya sake cire wani 45. Imel ɗin da ya biyo baya ya ce kuɗin gudanarwa ne saboda laifin hanya. A nan mutane da yawa ke ruɗewa, su ɗauka an biya tara an wuce wurin. Ko kusa. Kyamara lambar mota ta sani, mota kuma ta kamfani ce, don haka takarda wurin kamfanin take fara zuwa. Shi kuma ya buɗe littafinsa ya ga wa ke riƙe da motar a ranar, ya miƙa wa hukuma sunanka da adireshinka, ya caje ka ladan wannan ɗan aikin. Uwargida ta zaro yarjejeniyar daga jakarta, ga sharaɗin nan a shafi na baya da sa hannuna a ƙasa. Tarar kanta tana nan tafe.

Dokar hanya ta Italiya ta ba hukuma kwana 90 ta sanar da mazaunin ƙasar, amma wanda ke zaune a waje kwana 360 ne. Shi ya sa ake samun wanda takarda ke iske shi bayan kusan shekara, ya rantse bai san zancen ba. Namu sun zo a ambulan biyu ta gidan waya, kowace da lambar shari'a da kalmar sirri ta shiga wani shafin intanet. Ban taɓa ko ɗaya ba sai da na gwada kwanan wata da lambar mota da abin da ke cikin yarjejeniyarmu, na kuma nemi shafin hukumar garin da kaina na tabbatar adireshin biyan kuɗin iri ɗaya ne, domin 'yan damfara ma sun san baƙi na jiran irin wannan wasiƙa.

Ta farko ta gudu ce. Hoton ya nuna bayan farar motarmu a bakin wani ƙauye da ke kan hanyar Siyena, inda iyakar gudu ta sauko daga 90 zuwa 50. Na'urar da suke kira autovelox, wani akwati a gefen titi, ta auna 61. Doka tana yafe kilomita 5 ga gudun da bai kai 100 ba, saura 56, wato na haura da 6. Wanda bai wuce iyaka da fiye da kilomita 10 ba tararsa yuro 42 ce. Daga nan zuwa 40 kuwa sai ta yi tsalle ta koma 173, kuma da dare, daga ƙarfe 10 zuwa 7 na safe, ana ƙara kashi ɗaya cikin uku. Wanda ya biya cikin kwana 5 da karɓar takarda ana rage masa kashi 30 cikin 100, 42 ta zama 29.40. Ragin bai shafi kuɗin bincike da aiko da wasiƙa ba, shi ana ɗora shi ne a kai yadda yake. Hoto ya fito, lamba tamu ce, ranar muna kan hanyar. Na biya da kati a daren, na sauke rasit. Abin takaicin shi ne ladan kamfanin haya ya fi tarar gwamnati yawa.

Ta biyu ita ce ta garin kan tudu: shiga ZTL ba izini, yuro 83 kafin a ɗora kuɗin wasiƙa. A nan na tsaya na yi lissafi, domin hanyoyin a rarrabe suke kuma kowace da tarkonta. Idan ka biya, ka rufe ƙofar ɗaukaka ƙara. Idan ka kai kuka wurin Prefetto, wakilin gwamnatin tsakiya a lardin, kana da kwana 60 kuma ba ka biyan ko sisi, amma in ya ƙi kukanka tarar ninkuwa take yi. Akwai kuma alƙalin ƙananan ƙararraki, Giudice di Pace, wanda ake biyan kuɗin shigar da ƙara a gabansa, kuma komai da Italiyanci ake yi. In ka yi shiru har kwana 60 suka cika, nan ma 83 ta koma 166. Uwargida ta ce, "Ka biya mana mu huta, ragin kwana biyar zai wuce." Na ce, "Hajiya, ai ke kika ba mu makami, ina rasit ɗin nan?"

Na aika wa masaukin hoton rasit mai lambar mota da rubutun hannun ma'aikaciyarsu. Amsa ta zo da ban haƙuri: wajen shigar da lambar a kwamfuta an juya baƙaƙe biyu, izinin ya tafi ga motar da ba ta wanzu ba. Suka rubuto takarda mai hatiminsu cewa mun kwana wurinsu a daren kuma kuskuren nasu ne. Na haɗa ta da rasit da yarjejeniyar haya da kwafin fasfo, na tura wa ofishin da ya rubuta tarar, ina roƙon su soke ta da kansu. Wannan roƙo ba ya tsayar da agogo. Kwana 60 ɗin suna ci gaba da tafiya ko an amsa ko ba a amsa ba, don haka na shirya takardar Prefetto na ajiye, na sa wa kaina ranar da zan aika ta in shiru ya yi yawa. Ba a kai ga haka ba. Imel mai layi uku ya zo cewa an soke.

Saura kamfanin haya. A 2022 hukumar da ke kula da gasa da haƙƙin masu saye a Italiya ta yanke cewa irin wannan sharaɗi na cajin ladan tara bai dace ba a yarjejeniyar wasu kamfanoni, a 2024 kuma ta ci wasu guda shida tarar da ta haura yuro miliyan 18 a kan batun. Na ambaci wannan a wasiƙata, na haɗa da shaidar sokewa. Suka mayar da 45 na tarar da aka soke, suka ce ɗayan yana nan tunda laifin ya tabbata. Na sake rubutawa, aka turo mini amsa iri ɗaya kalma da kalma, na bar shi haka.

Wani abokin aiki da na ba labarin cewa ya yi da shi ne ba zai biya ko ɗaya ba, wa zai tsallako teku saboda yuro 42? Gaskiya ba mai tsallakowa. Amma bashin tara a Italiya sai ya shekara 5 kafin ya faɗi, yana ƙaruwa a tsawon lokacin, kuma garuruwa da dama suna miƙa irinsa ga kamfanonin karɓar bashi da ke bin mutane a ƙasashen waje. Ni kuma ina da niyyar komawa, domin ba mu kai Napoli ba. Rasit ɗin biyan tarar farko da imel ɗin soke ta biyu na buga su a takarda, suna cikin fayil ɗaya da yarjejeniyar hayar har shekarun biyar su cika.