Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Robar da Ta Ƙi Fita

A makon jiya na tsaya inda aka turo ni daga ɗakin tiyata bayan awa 7. 'Yan'uwa sai hamdala suke, wasu har da hawaye, a zatonsu an gama. Ni ma haka na ɗauka.

Aikin da aka yi mini shi ake kira Whipple, sunan likitan Amurka da ya bayyana shi a 1935. Ƙarin nawa, na ciwon daji, ya tsiro ne daidai bakin da ruwan madaciya da na fankiriyas (gaɓar da ke bayan tumbi, mai fitar da ruwan narkar da abinci) ke haɗuwa su zuba cikin hanji. Da ya toshe hanyar sai idona ya yi ɗorawa, aka zaci shawara ce, kuma wannan ne ya sa aka gano shi da wuri. Sun cire kan fankiriyas, da farkon ƙaramin hanji, da madaciya, da guntun magudanarta, sannan suka ɗinke abin da ya rage a wuri uku.

A kwana na uku nas ta ɗebi ruwan da ke fita ta robar da aka saka mini a kwiɓi, aka kai gwaji. Da yamma likita ya ja kujera ya zauna. Duk likitan da ya zauna kafin ya yi magana, na koyi jin tsoronsa.

"Baba, ɗinkin fankiriyas ɗin ne yake yoyo," in ji shi. "Naman wurin laushi gare shi, ba ya riƙe zare sosai. Ruwan da yake fitarwa kuma aikinsa narkar da abinci, bai san naman jikinka daban ba."

Abin da suke gudu shi ne ruwan ya taru ya yi mugunya, ko ya ci jijiya jini ya ɓalle. Allah Ya tsare, bai kai nan ba, amma robar da aka ce kwana kaɗan za ta yi sai da ta shafe mako 5. Kowace safiya matata ke duba jakar, ta karanta layin awo, ta rubuta a bayan katin asibiti. Ruwan kamar na wankin kwano, fatar gefen ramin kuwa ta saɓule tana raɗaɗi. Ana cikin haka tumbina ya yi yaji: abin da na haɗiya da safe yana nan zaune har dare, sai amai. Aka mayar da roba ta hanci kwana 9.

Wahalar da ba wanda ya shirya ni a kanta a gida ta same ni. Ku yi mini afuwa, zan faɗe ta yadda take. Bayan gidana ya koma fari-fari, mai maiƙo, yana yawo a saman ruwa, warinsa ni kaina yana korata. Ina ci ina ramewa, kilo 17 suka zube. Ashe ragowar fankiriyas ɗin ba ya ba da isasshen sinadarin narkar da mai. Aka rubuta mini Creon, ƙwayar wannan sinadarin da ake haɗiya tare da lomar farko, ba bayan an cinye ba. Wata biyu ina sha ba daidai ba kafin wani mai harhaɗa magani ya gyara mini. Har yau in aka ajiye kwano, kafin in kai hannu zan ji, "Malam, ƙwayar fa?"

Masu zuwa dubiya kan ce, "Ai ka warware, sai dai ƙiba." Ba na musu. Wa zai zauna ya ji cewa jinina ya yi ƙasa saboda guntun hanjin da ya fi tsotse sinadarin ƙarfe shi aka yanke? Ko cewa bayan shekara ɗaya da rabi suga ya shigo, ni da ba mu gaje shi ba?

Likita ya taɓa gaya mini irin nawa ya fi na cikin fankiriyas ɗin kansa kyakkyawan ƙarshe, sai dai an sami cutar a kaluluwa 2, shi ya sa na yi kemo, wato maganin kashe ƙwayoyin daji, wata 6. Tun daga nan nake komawa hoton sikanin da gwajin jinin CA 19-9, wanda lambarsa kan hau in dajin ya dawo. A shekara ta biyu lambar ta hau. Ya ce toshewa ko kumburin magudanar madaciya ma kan ɗaga ta, a sake hoto ranar Litinin. Matata ta ninke takardar ta tura a jaka, har muka isa gida ba wanda ya ce uffan.

Sai mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.