Fijo Mai Rufin Tamfol

Asabar, bayan sallar isha'i.

Ruwan da aka kwana ana yi bai ɗauke ba sai wajen ƙarfe tara na safe, har na yi niyyar ɗage tafiyar zuwa gobe, amma Baba bakanike ya ce mini a waya babu ranar da ta fi ta yau dacewa da duba motar da rufinta na tamfol ne, domin abin da rani zai ɓoye, damina tona shi take yi. Saboda haka na biya ta garejinsa na ɗauke shi, muka nufi gidan da motar take a nan cikin Kaduna. Ya riƙo cocila da sukundireba da ƙaramin jak, da wani guntun mayen ƙarfe da ya ciro daga tsohuwar lasifika ya naɗe a ƙyalle.

Motar Peugeot 504 ce mai buɗaɗɗen sama, ƙirar 1972, ta wani dattijo da ya rasu bara, magada kuma suna so su sayar da ita a raba gado. Babban ɗan marigayin ne ya tarbe mu. Bayan mun yi masa ta'aziyya, ya ba mu labari cewa mahaifinsu daga Turai ya sayo ta, ta biyo ta Kwatano, ya riƙa hawanta ranakun Juma'a da lokacin Sallah, daga baya da ƙarfinsa ya ragu ya ajiye ta a ƙarƙashin rumfar kwano a bayan gida, kuma ta haura shekara goma ba a tayar da ita ba.

Da aka yaye ledar da aka lulluɓe ta da ita, na daɗe tsaye ban ce komai ba. Fara ce, mai ƙofa biyu, da fitilu huɗu a gaba, da wasu siraran fitilu uku uku a karkace a kowane gefe na baya, alamar ƙirar farko ke nan wadda aka canja a 1974. Ni a cikin 504 na tashi. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, da ita ya yi haya tsakanin Kaduna da Kano shekaru masu yawa, kuma a kanta na fara riƙe sitiyari. Tun da kamfanin PAN ya fara harhaɗa Peugeot a Kakuri a 1975, wannan mota ta zama 'yar gida, har muka ci gaba da fitar da ita sabuwa fiye da shekara ashirin bayan Faransa ta daina ƙera ta a 1983. Da wannan sabo na zo, ina ganin tun da Fijo ce, duk abin da ya same ta ba zai gagari Panteka, kasuwar kayan gyaran mota ta Kaduna, ba.

Baba ne ya fara rage mini wannan zato. Ya zagaya ta sau biyu, ya dafa bonet, ya ce: "Ɗana, daga inji zuwa ƙasa tamu ce, amma wannan rigar da ta saka ba ɗinkin Kakuri ba ce." Gaskiya ya faɗa, kuma na san hakan a karatu, sai dai ban auna nauyinsa ba sai yau. An fara nuna wannan samfuri ne a baje kolin motoci na Janiba a 1969. Kamfanin Pininfarina na Italiya ne ya zana jikinta, a Turin ake ƙera shi, sannan a kai shi Sochaux a Faransa a ɗora masa inji da sauran kayan tafiya. Tazarar da ke tsakanin tayoyin gaba da na baya mita 2.55 ce, alhali ta salun ɗin da muka sani mita 2.74 ce, kuma babu ƙofa ko bonet ko murfin but na salun da zai shiga jikinta. Duka duka guda dubu takwas da 'yan kai aka ƙera daga 1969 zuwa 1983. Ma'anar wannan ita ce, in gilashin gaba ya fashe ko fitilar baya ta tsage, babu amfanin zuwa Panteka ko Ƙofar Ruwa a Kano, sai dai a nemo daga Turai da kuɗin waje.

Daga nan muka shiga abin da ya kawo mu, wato neman tsatsa. Fentin yana da kyau idan an hange shi daga nesa, amma Baba ya ɗauki mayen ƙarfen nan yana bin jikin motar da shi a hankali, kamar mai lalube a duhu. A tsakiyar ƙofa ya kama gam. A saman bonet ya kama. Da ya sauko zuwa bakan da ke kewaye da tayar baya ta hagu, sai ƙarfen ya sulale ya faɗi ƙasa. Ya ɗauka ya sake gwadawa, ya sake faɗuwa. A wurin babu ƙarfe kusa, fila ce aka cika aka shafe aka fesa fenti a kai, kuma da na kwantar da kaina na kalli wurin ta gefe, sai na ga fentin ya yi ƙananan ƙuraje a jere, alamar tsatsar da aka binne tana tasowa daga ciki. Motocin da suka yi zama a Turai suna kwasar gishirin da ake watsawa a hanya lokacin ƙanƙara, gishirin ya maƙale da laka a lungunan da ruwa ba ya wankewa, ya yi ta cin ƙarfe shekara da shekaru, kuma jikin wannan samfuri ya yi suna wajen saurin ruɓewa.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne dokin ƙofa, wato dogon ƙarfen da ya miƙe a ƙarƙashin ƙofa daga tayar gaba zuwa ta baya. A mota mai rufin ƙarfe, rufin yana taimakawa wajen riƙe gaba da baya kamar yadda azara take riƙe ɗaki. Wadda aka cire wa rufi kuwa, dukkan nauyin riƙon ya koma kan waɗannan ƙarafa biyu da daɓen motar, shi ya sa ake ninka su a ƙarfafa su tun daga masana'anta. Baba ya kwanta a kan kwali a cikin damshin ƙasa, ya haska cocila, ya riƙa ƙwanƙwasa ƙarfen da gindin sukundireba. A gefen direba ƙarar tana fita tsaf. A ɗaya gefen, kusa da inda ake kafa jak, ƙarar ta mutu, kuma da ya danna bakin sukundireban kaɗan sai ya shige kamar an soka shi a busasshiyar ƙwarya, jan gari ya zubo masa a hannun riga. Ya miƙo mini hannun in gani, bai ce uffan ba.

Sai ya nemi izinin ɗan marigayin ya ɗaga motar. Kafin ya ɗaga, ya sa na buɗe ƙofar gefen na rufe, ta rufu da ɗan taɓawa. Ya kafa jak a wuri mai ƙwari ya ɗaga kusurwar baya har taya ta bar ƙasa, ya ce in sake gwadawa. Wannan karon ƙofar ta cije, sai da na sa ƙarfi ta buɗe, kuma tazarar da ke tsakaninta da jikin motar ta matse a sama ta buɗe a ƙasa. Jikin yana lanƙwasa ke nan. Na taɓa jin labarin wannan gwaji, amma ganinsa da ido daban ne, domin a take mutum yake gane cewa aikin ya wuce a liƙa faci a waje. Dole a cire ƙofofi, a ɗaure jikin da ƙarafa ta ciki don kada ya karye yayin aiki, a yanke ruɓaɓɓen har a kai ga lafiyayye, sannan a ƙera sabo a yi masa walda hawa hawa. Masu gyaran jiki a garin nan suna da hannu, na sha ganin abin mamaki daga wurinsu, amma wanda zai yarda ya yi wannan aiki da awo da haƙuri, ba tare da ya koma ga fila ba, sai an tona.

A ciki, na ɗaga kafet ɗin gefen fasinja na tarar da shi jiƙe sharkaf, ga warin rima ya cika motar. Ruwan daren jiya ya bi ta inda kwanon rumfar ya huje, ya sauka kan tamfol, ya shiga ta wata yagewa kusa da tagar baya, wadda robar ta ta yi rawaya har ba a ganin komai ta cikinta. Robobin da ke bakin gilasai duk sun bushe sun tsattsage. Tamfol ɗin bai dame ni ba, domin mai ɗinkin kujerun mota zai iya kwaikwayon tsohon idan an samo yadi mai kyau. Abin da na fi tsoro shi ne ƙarafan da suke naɗe rufin, waɗanda in suka karye ko suka ɓace samunsu wuya ne. Mu biyu muka kama, muka saki maƙullan da ke saman gilashin gaba, muka tura a hankali, sai ga shi ya naɗe ya kwanta a mazauninsa a bayan kujeru, da ƙara amma ba tare da gardama ba. Wannan ne abin farin ciki na farko da na samu yau.

Injin bai ɗauke mu lokaci ba, domin Baba ya san shi kamar yunwar cikinsa: silinda huɗu, cc 1971, a kishingiɗe gefe guda kamar na sauran 'yan uwansa. Ya cire fulogogi, ya ɗiga baƙin mai a ramukan, ya sa sifana ya juya, injin ya juyu. Ya zaro sandar awon mai ya duba, baƙi ne amma babu farin kumfan da ke nuna ruwa ya haɗu da mai. Bai yarda a kawo batir a tayar ba, ya ce fetur ɗin da ya shekara goma a tanki ya zama danƙo, tayarwa ɓarna ce. Birki kuma, wanda na faifai ne a tayoyi huɗu, ya kame a baya, amma wannan aikin kwana biyu ne.

Sai dai abin da na gani a saman injin kafireto ne, alhali wannan mota da famfon Kugelfischer ta fito, wani famfon Jamus mai harba fetur cikin inji ba tare da kwamfuta ba, irin wanda ke kan BMW 2002 tii. Da yawa an cire shi an sa kafireto saboda masu iya saita shi ba su da yawa, kuma motar tana tafiya lafiya a haka, amma ƙarfinta yana raguwa, darajarta ma tana raguwa a wurin masu neman ta asali. Na tambayi ɗan marigayin ko ya san inda tsohon yake. Ya yi shiru, sannan ya aika ƙanensa ɗakin ajiya, yaron ya dawo da buhun taki. A ciki akwai famfon, da bututunsa huɗu, da maƙogwaron iskar, kowanne an naɗe shi a tsohuwar jarida an shafa masa giris. Na ji dattijon nan ya shiga raina ko da ban taɓa ganinsa ba, domin wanda ya adana waɗannan haka ya san abin da yake hannunsa, kuma yana da niyyar mayar da su wata rana.

Takardu sun cika, har da na kwastan, kuma lambar da ke jikin motar ta yi daidai da ta takarda. Da muka zauna a kan tabarma aka kawo ruwa, ɗan marigayin ya faɗi kuɗin da magada suka yanke, wanda na tabbata daga intanet suka gano shi, daga farashin waɗanda aka riga aka gyara a Turai. Ban ga laifinsu ba, haƙƙin marayu ne a ciki. Na ce masa: "Alhaji, ba zan rage wa motar mahaifinku daraja don in saya da araha ba, amma ku zo ku ga abin da muka gani." Na kai shi ya sa yatsarsa a ramin da sukundireba ya yi, na nuna masa yadda ƙofa take cijewa. Na yi tayin abin da bai kai rabin kuɗinsu ba, ya ce albarka, amma a hankali ya faɗa, kuma ya ƙara da cewa zai tara 'yan uwansa su yi shawara.

A hanyar dawowa Baba ya lissafa mini cewa walda da fenti kaɗai za su iya cin abin da ya fi kuɗin sayen motar, kuma in shirya wa shekara guda ko fiye kafin in hau ta. Ya ce kada in ba da kafin alƙalami sai an ja ta zuwa gareji an ɗora ta a rami, an ga inda ƙafafun baya suke ɗaure da jiki, domin in can ma ya ruɓe, shawararsa ita ce in haƙura. Na yarda da wannan sharaɗi, kuma na kira ɗan marigayin bayan magariba na gaya masa cewa kuɗin janwe a kaina yake, ko an yi ciniki ko ba a yi ba. Ya amince a yi ranar Talata. Na kuma roƙe shi ya sa a matsar da motar daga ƙarƙashin hujin kwanon nan, a cire kafet ɗin a shanya, tun da hadari ya sake haɗuwa a gabas.