Ƙaramar jif ta hannu da abin da take ci a gareji

Yawancin motocin da ke kwana a garejina ƙananan jif ne na hannu: RAV4, CR-V, X-Trail, Tucson, Sportage, wani lokaci Tiguan. Mutane na son su saboda tsayi da wurin kaya, ga shi ba sa shan mai kamar manyan. Abin da mai saye ba ya yawan sani shi ne, jikin ne kawai na jif. Tun da Toyota ta fito da RAV4 a 1994, Honda ta biyo da CR-V a 1995, a kan ƙashin ƙananan motoci ake gina su. CR-V ta farko ma daga Civic aka ɗauko ta. Don haka ƙafafunta na ƙaramar mota ne, amma lodin da ake ɗora mata na babbar mota ne. Shi ya sa bushin da shokazoba da boris ɗin taya suke fara gajiya. Waɗannan ba sa ba ni tsoro, aikin yini ɗaya ne, kuɗinsu kuma ba ya karya mutum.

Wurin da kuɗi ke tafiya uku ne: giya, inji, da na'urar sanyaya ciki. Kuma a duka ukun, tazarar da ke tsakanin gyara mai sauƙi da gyara mai tsada sau da yawa ba ta wuce hannun wanda ya fara taɓa motar ba.

Ɗauki RAV4 ta 2001 zuwa 2003. Za ka ji tana fizga idan za ta canja giya, ko ta yi wani bugu idan aka sa ta baya. Wanda bai san motar ba zai ce giya ta mutu, a sauke. Alhali a yawancinsu giyar lafiyarta ƙalau, kwamfutar motar ce ke aika mata umarni a birkice. A ciro kwamfutar, a gyara ta ko a canja, magana ta ƙare, kuma kuɗin bai kai ko kusa da na giya ba. Amma idan aka bar ta tana fizga wata da watanni, to a nan giyar za ta lalace da gaske, sai a biya biyu. Na sha karɓar irin wannan mota bayan an riga an canja mata giya a wani wurin, sabuwar ma tana fizga, mai ita yana ta rantsuwa an cuce shi. Ba giyar aka yi masa ha'inci a kai ba, rashin sani aka sayar masa.

Giyar da ake kira CVT, wadda ke cikin X-Trail da Rogue da Qashqai da yawa, ita kam sai da lallami. Ba haƙora ne ke canja gudu a cikinta ba, bel ne na ƙarfe da ke tafiya tsakanin wasu faifai biyu masu matsewa da buɗewa. Rayuwarta duka a man ta take. Nissan, mai ƙera waɗannan motocin, ta rubuta a zuba man NS-2 ga tsofaffin, NS-3 ga na baya, kuma ba don ado ta rubuta ba. A zuba mata man giya na gama-gari, bel ya fara zamewa, ya kankare faifan, sai ka ji kuka siriri idan ka taka totur, ko mota ta ƙi jan jiki bayan doguwar tafiya saboda zafi. A Amurka sai da kamfanin ya tsawaita garantin wannan giya zuwa shekara 10 ko mil 120,000 ga motocin 2003 zuwa 2010. Idan ta mutu a tsohuwar mota, kuɗin wata kan cinye kaso mai tsoka na darajar motar gaba ɗaya, har wani lokaci nakan ce wa mutum ya tsaya ya yi lissafi kafin mu kwance ko ƙusa ɗaya.

A nan ne nake da ƙorafi da masu kawo mana kaya. Galan iri ɗaya, rubutu iri ɗaya, hatimi iri ɗaya, abin da ke ciki kuwa Allah kaɗai ya san shi. Ni dai ba na zuba man giya sai na tsiyaya kaɗan a farin faranti na duba launi, na shinshina, na murza a yatsa. Akwai dilan da na daina hulɗa da shi saboda ya kawo mini kwali guda, rabinsa na gaske rabinsa jabu, ya kuma tsaya yana ce mini duk ɗaya ne. Idan giyar mutum ta ƙone, ba ƙofar dila zai je ba, tawa zai zo.

Ubangidana da ya koya mini aiki, Allah ya jiƙansa, bai yarda yaro ya ɗauki sifana ba sai ya iya saurare. Zai tayar da inji, ya miƙo maka doguwar sukundireba, ya ce ɗora bakin a nan, ka sa kunnenka a ƙotar. Sai ya tambaya: "Me ka ji?" Idan ka ce ƙara, ya ce, "Ƙara ai ko mai wucewa ya ji. Daga sama take ko daga ƙasa? Tana bin totur ko ba ta bi?" A lokacin haushi nake ji, ina ganin sa'o'ina a wasu garejin har sun fara sauke inji. Yanzu ina da na'urar da ake jonawa a mota ta karanto lambobin matsala, ina kuma amfani da ita kullum, amma lamba tana nuna maka unguwar da matsala take ne kawai, ba ta nuna gidan.

Kunnen nan shi ke raba ƙara mai arha da mai tsada. CR-V mai jan ƙafa huɗu takan yi gurnani daga baya idan ka karya sitiyari sosai a hankali, kamar wajen fakin. Mutane kan tsorata. Mafi yawan lokaci man akwatin baya, wato wanda ke raba ƙarfi ga tayoyin baya, shi ne ya tsufa, a canja shi da irin nasa na Honda, lita ɗaya da ɗan kai, gurnani ya ɗauke. Amma ƙarar sarƙa da safe a Tiguan ta farko mai injin 2.0 TSI, wannan ba a kwana da ita. Abin da ke ɗaure sarƙar ne ke saki, kuma idan sarƙa ta tsallake haƙori, fistin ya haɗu da bawul, an tashi daga canja ɗan ƙaramin ƙarfe an koma gyaran kan inji. Haka bugu mai nauyi daga ƙasan injin Theta II na wasu Hyundai da Kia, wanda ya sa aka yi ta kiran motoci a dawo da su tun daga 2015. Idan na ji shi, kashe motar nake yi nan take.

Shan baƙin mai kuma sai a injin 2.4 na RAV4 ta 2006 zuwa 2008. Ringin da ke share mai ne ke toshewa, inji ya riƙa ƙona man ba tare da ɗigo ko ɗaya a ƙasa ba. Ba na yanke hukunci a tsaye. Mu cika, mu sa alama, ka je ka yi kilomita dubu ka dawo mu auna. Idan kaɗan take sha, ka riƙa dubawa kana ƙarawa, za ta kai ka shekaru. Idan ta wuce misali, sai buɗe inji, kuma a wannan aikin kuɗin hannu ya fi na kaya, domin kwanaki yake ci.

Sai kwamfiresan sanyi na CR-V ta 2002 zuwa 2006, wanda idan ya fashe daga ciki yake watsa garin ƙarfe cikin bututu duka. Kullum sai an yi ciniki a kan wannan. "Malam, kwamfiresa kawai na ce ka canja, mene ne kuma na kwandensa da wanke layi?" Nakan kwance bututu ɗaya, in goga farin tsumma a ciki, in miƙa masa ya ga baƙin gari yana ƙyalli. In ce, ranka ya daɗe, wannan ne zai koma cikin sabon. Wasu su yarda. Wasu su tafi inda za a ɗaura musu na hannu a rabin kuɗi, zafi na dawowa su ma su dawo.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne mutum zai ƙirga maƙudan kuɗi ya sayi mota, amma kuɗin dubawa kafin saye shi ne zai tsaya yana ja. Dubawar nan ba leƙe ba ce. Muna ɗaga mota, mu bi ƙarƙashinta da fitila, mu duba ko tayoyin huɗu girmansu da cinsu ɗaya, domin a mai jan ƙafa huɗu bambancin taya yana wahalar da akwatin baya. Mu ciro fulogi mu karanta launinsa, mu duba ruwan lagireto ko ya gauraya da mai, mu fita da ita har giya ta ɗauki zafi. Sharaɗina ɗaya ne ga mai sayarwa: motar ta kwana a wurina, ni zan fara tayar da ita da safe tana sanyi. Wanda ya ƙi wannan sharaɗin, nakan gaya wa mai saye ya nemi wata.